Ranar da Na-Taɓa Ya Tsallake Dutse

A layinmu akwai wani mai aski da ake ce wa Na-Taɓa. Ba daga gida ya zo da sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. In ka ce ka ga maciji, ya taɓa kama wanda ya fi shi da hannu ɗaya. In ka ce haƙori na damunka, ya taɓa cire nasa da filaya yana cikin yi wa wani gyaran fuska. Mu kuwa ba ma musu, don mutumin da rezarsa ke kan maƙogwaronka duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Mutum ɗaya ke iya musa masa, wato Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa. Shi Tela sanƙo gare shi tal, gemu kuma bai taɓa amsa kiransa ba, saboda haka ba ya tsoron kowa.

A bayan garinmu akwai wani dutse da kansa ke shiga gajimare. Tsohuwar hanya ce ta nannaɗe shi kamar hanji, ta hau ta sauka a garin da ke ɗaya ɓangaren, inda yayar Na-Taɓa ke aure. Motocin haya sun daina bin ta, zagayawa suke ta gindin dutsen. Wata ranar Laraba sai ga wasu masu yawon keke sun tsaya a famfon da ke gaban shagunan suna cika gorunan ruwa. Kayansu matsattsu, kowa da hular kwano, kekunan kuwa da yatsa biyu ake ɗaga su. Suka ce tsohuwar hanyar za su bi, sun daɗe suna shiri.

Na-Taɓa ya bar kan wani mutum rabi a aske, ya fito bakin ƙofa yana kallonsu har suka ɓace.

"Shiri!" in ji shi. "Wai shiri, don wannan ɗan tudun. Yaran zamani ke nan. Ai na taɓa hawansa da keke, da buhun siminti a baya."

Tela bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba. "Keken ne a bayan buhun, ko buhun a bayan keken?"

"Kai da ko keken ɗinki sai ka yi addu'a kafin ka taka, me ka sani?"

"Na san dai jiya da ka hau benen asibiti sai da ka huta sau biyu, ka ce kana duba ginin."

Aka kwashe da dariya, har da mai rabin kan. Wannan dariyar ita ta jawo komai. Na-Taɓa ya ɗaga almakashi sama ya yi shelar cewa ranar Asabar matarsa za ta je gaida Yaya a motar haya, shi kuma zai bi ta dutse da keke, kuma in bai riga ta isa ba, a daina kiransa namiji. Nan take ya buga wa Yaya waya, ya buɗe murya yadda duk layin zai ji.

"Yaya, ki tara maƙwabta a bakin titi. Ƙaninki zai sauko muku daga sama."

"Daga sama kuma? Lafiya dai ko?"

"Ke dai ki sa a share hanya."

Da labari ya isa gida, matarsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi tun daga kai har ƙafa.

"Baban yara, wane keken?"

"Nawa mana."

"Wanda muke shanya tawul a kai?"

"Hutu yake yi. Doki ma ai ana ɗaure shi."

Aka fito da keken daga bayan shago. Baƙin ƙarfe ne na da, mai nauyin ƙofar gareji, kacarsa ta yi tsatsa, kaza ta taɓa ƙyanƙyasa a kwandonsa. Mai facin keke ya zagaya shi yana girgiza kai, ya ce a bar masa shi ya kwana biyu a hannunsa. Na-Taɓa ya ce babu buƙata, shi da keken sun san juna. Ya tsiyaya wa kacar man gashi, ya buga sirdin da tafin hannu, ƙura ta tashi, ya ce an gama.

Sai maganar kaya. Ya shiga wurin Tela ya ce a ɗinka masa matsattsu irin na mutanen nan. Tela ya ciro tef zai auna shi, ya ture hannunsa.

"Na san awona. Rubuta."

Tela ya saurari awon, ya kalli tumbin da ke gabansa. "Wannan awon na wace shekara ne?"

"Ɗinki aka ce ka yi, ba tarihi ba."

"To. Amma in ka shiga, kada ka yi atishawa."

Hular kwano ce ta gagara samu a garin. Na-Taɓa ya ce ai sunanta ya riga ya faɗi yadda ake yin ta. Ya ɗauki kwanon silba na matarsa, ya huda gefe biyu da ƙusa, ya zura igiya.

Ranar Asabar da safe layinmu ya cika. Na-Taɓa ya fito cikin wando da riga ruwan ɗorawa, sun kama shi kamar an naɗe katifa da igiya, yana tafiya ƙafa a ware, gilashinsa mai kauri a kan hanci, kwano a ka. A kariyar keken ya ɗaure katifa, da risho, da tukunya, da jarkar ruwa, da rediyo, da akwatin kayan aski.

"Kayan askin fa?" in ji matarsa.

"In na haɗu da mai gemu a dawa, in ce masa me?"

Ya yi jawabi a kan jarumta da lalacewar zamani. Sannan ya taka feda ya wurga ƙafa zai hau. Tayar gaba ta tashi sama kamar dokin da ya ga kura, shi da kaya suka koma ta baya, tukunya ta gangara ƙarƙashin teburin mai lemo.

"Gwajin taya nake," in ji shi daga ƙasa. "Ta ci jarrabawa."

Maza huɗu suka riƙe keken ya hau, suka tura shi. Ya tafi yana layi, yana kaɗa ƙararrawa, Tela na ɗaga masa tef kamar tuta.

Abin da ya faru a dutse mun tsinto shi ne daga baya, wani a bakin tsohuwa mai sayar da ayaba, wani a bakin direban awaki, wani kuma a bakin shi kansa lokacin da zazzaɓi ya kama shi ya manta da ƙari.

Tun a kwanar farko ya gane cewa dutsen ya ƙara tsawo tun zamanin da bai taɓa hawansa ba. Numfashinsa ya koma kamar zarto. A gindin wata bishiya, inda tsohuwar ke zaune da tirenta, ya sauka, ko kuma a ce keken ya sauke shi.

"Sannu, ɗana. Ina zuwa da kayan ƙaura?"

"Tsallake dutsen nan zan yi, Iya. Na kusa kai ƙarshe ko?"

"Ƙarshen me? Ai ba ka fara ba. Ga hayaƙin garinku can, har ina jin kukan jakin mai ruwa."

Ya ce dama ba gajiya ya yi ba, tausayin keken ya ji. Ya kwance katifar ya jingine ta a bishiya, ya ce jarumi a kan dutse yake kwana. A kwana ta gaba ya ajiye risho. Da ya ga risho ya tafi, ya ce tukunya ba ta da sauran amfani. Rediyo ya bi su, don labaran duniya nauyi gare su. Jarkar kuwa ya shanye rabi, ya juye rabi a cikin kwano ya mayar kansa.

Duk da haka keken bai yi sauri ba. Wata mata ɗauke da itace a ka, da akuya a igiya, ta zo ta wuce shi a ƙafa.

"Sannu, Baba. Keken ne ba shi da lafiya?"

"Lallaɓa shi nake kada in tsorata mutane."

"Allah ya saka. In kana so in riƙe maka shi ka huta, ba sauri nake ba."

Wannan maganar ta ƙona masa rai. Ya tsaya ya binciki keken don ya gano munafukin da ke ja masa baya. Sai ya ji wani ɗan sauti, ƙiii, ƙiii, robar birki na gogar taya.

"Ashe kai ne!"

Ya buɗe akwatin aski ya ciro filaya. Ya kwance birkin gaba, ya kwance na baya, ya wurga su cikin kwazazzabo ɗaya bayan ɗaya.

"Mai hawa ina ruwansa da birki? Birki na matsorata ne."

Keken bai ji wannan huɗubar ba. Rana ta take, cinyoyinsa suka fara rawa, sirdi ya zama garwashi. Yana cikin tura keken da hannu, yana tunanin abin da zai gaya wa Tela, sai ya ji gurnani a bayansa. Wata tsohuwar babbar mota ce cike da awaki, tana hawa a hankali kamar mai ciwon baya. Na-Taɓa ya duba hagu, ya duba dama, babu mai gani. Ya haye keken, motar na zuwa daidai shi ya cafke ƙarfen bayanta.

Duniya ta yi daɗi. Iska na kaɗa shi, kwanoni na wucewa, ƙafafunsa na hutawa a kan feda. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin, da inda zai sa damisa a ciki.

Wani bunsuru mai dogon gemu ya leƙo ta tsakanin katako ya zuba masa ido.

"Kai ma kana buƙatar gyaran fuska," in ji Na-Taɓa.

Bunsurun ya miƙo wuya ya kama igiyar kwanon ya fara tauna.

"Kai! Saki! Hular mutane ce!"

Hannu ɗaya na kan mota, ɗaya na kan keke, babu na uku da zai yi faɗa da shi. Ya gwada da kai, ya sa wa bunsurun karo, kwano ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawar makaranta. Sauran awakin suka taso kallo. Wata ta kama hannun rigar ruwan ɗorawa, ta ga ya yi mata, ta ja. Ɗinkin Tela, wanda dama da kyar yake riƙe da amana, ya saki tun daga kafaɗa har ƙugu.

A haka suka shiga gajimaren da ke kan dutsen. Hazo ya rufe ko'ina, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Bunsurun ya gama da igiya, kwano ya zame ya rufe wa Na-Taɓa fuska, ya saki motar don ya ɗaga shi. Keken ya yi juyi biyu a tsakiyar titi ya kwanta, shi kuma ya zauna daɓas a kan wani abu da ya ce ƙaras. Gilashinsa ne. Wandon ma ya ga abin da riga ta yi, ya bi sahu ta baya.

Motar ta wuce abinta. Na-Taɓa ya tashi yana lalube. In babu gilashi, duniya a wurinsa kamar an zuba mata ruwa ce, ga kuma hazo. Ya laluba ya sami keken, ya tayar da shi, ya ji titi ya gangara a gabansa.

"Alhamdu lillahi! Na kai ƙololuwa. Saura sauka."

Ya kai ƙololuwar, wannan gaskiya ne. Sai dai keken da ya yi juyi, fuskarsa ta koma inda ya fito.

Ya ɗora kwano a ka, ya hau, ya ɗaga ƙafa. Da farko abin ya yi masa daɗi har yana waƙa. Da gudu ya fara yawa sai ya matsa hannun birki. Hannun ya matsu laƙwas, babu gardama ko kaɗan. Ya matsa ɗayan. Nan ya tuna inda matsorata suke ajiye birkinsu, da inda shi ya ajiye nasa.

Daga nan waƙa ta koma salati. Keken ya fito daga hazo kamar an harbo shi. Akwatin aski ya ɓalle, almakasai da tsintsiyar kumfa suka watse a titi. Kwano ya tashi sama ya tafi neman wani mai shi. Ya sa takalmi a kan taya don ya tsayar da ita, tayar ta karɓi takalmin ta wurga daji. Wani abu mai kama da tukunya ya gifta a gefen hanya, can kuma wani abu mai kama da katifa jingine a bishiya.

Ko a cikin wannan hali sai da ya yi tunani: ashe mutanen wannan ɓangaren ma haka suke zubar da kaya.

"Ɗana, ka fasa ne?" in ji wata murya daga gindin bishiyar.

"A ba ni hanyaaa!"

Da la'asar muna zaune a bencin Tela muna gardamar ko ya kai ko bai kai ba, sai muka ji ƙararrawa da ihu daga saman layi. Kaji suka watse. Mai lemo ya rungume teburinsa. Wani abu ruwan ɗorawa ya wuce mu fuu, tsummoki na kaɗawa a bayansa kamar fikafikai, ya daki dakalin famfo. Keken ya tsaya nan. Mai keken bai tsaya ba, sai da ya yi ɗan tashi, ya sauka da fuska cikin taɓon da ruwan famfo ya tara.

Muka ruga. Kafin mu kai ya tashi zaune, taɓo ya shafe masa ido da kunne, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'ar wannan gari, kada ku tsorata! Ni ne ƙanin da aka ce muku zai sauko daga sama. Na tsallake dutse!"

Mai facin keke ya buɗe baki zai yi magana, Tela ya take masa ƙafa. Ya toshe hanci da yatsa biyu, ya sauya murya.

"Maraba da baƙo! Daga wancan garin kake? Da keke?"

"Da keke, bawan Allah. Ban sauka ko sau ɗaya ba."

"Ikon Allah. To rigar fa, me ya same ta?"

"Damisa. Biyu. Ɗaya ta gudu, ɗayar tana can tana jinya."

"Damisar nan da warin bunsuru take," in ji mai lemo.

"Ta ci bunsuru ne kafin mu haɗu."

Mutane suka fara taruwa, mata na leƙowa ta taga, kowa na cije leɓe. Tela ya tsuguna kusa da shi.

"Amma garinku akwai maza. Duk haka kuke?"

"Ina! Ni kaɗai ne. Sauran duk 'yan zaman benci ne. Akwai wani tela maƙwabcina, kansa kamar ƙwai, bakinsa kamar reza, ɗinkinsa kuwa ga shi kana gani. Ko zanen jariri ba zan ba shi ba."

"Allah wadai. Sai wa?"

"Sai wani mai faci da ke huda taya da daddare ya liƙe ta da safe. Da mai lemo da ke sayar da na bara."

"Ni?" in ji mai lemo, ya manta da wasan.

Na-Taɓa ya karkata kai. "Kai, muryarka kamar tasa. Ashe kowane gari da irin nasa."

A daidai nan waya ta yi ƙara a cikin ɗan aljihun da ya rage a jikin wandon. Hannunsa duk taɓo, ya ce wa baƙon kirkin nan ya taimaka ya ɗauka. Tela ya ciro ta, ya buɗe murya, ya ɗaga sama.

"Kai, kana ina ne?" Muryar Yaya ta cika layin. "Tun azahar na tara mutane a bakin titi, rana ta gasa mu. Maƙwabta har sun fara tambaya ko ƙanin nawa na da hankali."

"Yaya, ga ni a garinku! Ina bakin famfo, jama'a sun kewaye ni."

"Wane famfo? Mu rijiya gare mu."

Tela ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa masa a fuska. Na-Taɓa ya goge ido, ya ƙanƙance su. A hankali ƙofar da ke gabansa ta fito, shuɗiya, da hoton almakashi da shi da kansa ya zana a jiki. Ya juya. Wani kai mai sheƙi na kallonsa, ya saki hanci yana murmushi.

Dariyar da aka yi ranar, har masu shago a layi na gaba sai da suka rufe suka zo. Mai faci ya kwanta a ƙasa yana dukan taya. Na-Taɓa ya ce:

"To ai... zuwa na yi na dawo. Saurin ne ya yi yawa ba su gan ni ba."

"Ba ni shi, Yaya," in ji wata murya a wayar. Matarsa ce. "Baban yara, ka ji rauni?"

"Ko ƙwarzane."

"To madalla. Dama in gaya maka, da na fito na kulle gida da shagon duka, makullan suna jakata. Yaya kuma ta ce sai na yi mata mako. Tunda hanyar ba ta yi maka wuya ba, hawo ka karɓa."

Ta kashe. Na-Taɓa ya ɗaga kai wajen dutsen, ya sauke a kan kekensa, wanda tayar gabansa ta lanƙwashe kamar kunnen kofi.

"Kash," in ji shi, muryarsa ta ɗan dawo. "Da keken nan lafiya yake, da yanzu na juya."

"Ga nawa!" in ji mai faci.

"Nawa ya fi gudu!" in ji wani daga baya.

Kafin ka ce me, kekuna sun yi layi a gabansa, kowa na kaɗa ƙararrawa. Na-Taɓa ya dube su, ya kama ƙugu da hannu biyu, ya saki wani nishi mai tsawo, ya ce damisar nan ashe ta taɓa masa jijiya.

Tela ne ya yafa masa ragowar yadin labule, ya ja shi cikin shagonsa. Da yake Na-Taɓa ba shi da wani wandon sai wanda ke kulle a gida, dole a jikinsa za a gyara wannan. Aka kwantar da shi rubda ciki a kan teburin yanka, rabin layin na leƙe ta ƙofa, Tela ya zura zare a allura yana gyara zaman tabarau.

"Tela," in ji Na-Taɓa cikin ƙaramar murya, "maganar ɗinkin nan da na yi ɗazu, ka san zafin rana ne. Don Allah a hankali da allurar."

"Kwantar da hankalinka, bawan Allah," in ji Tela. "Mu a garin nan ba ma soke baƙo."